Kalma Biyar Ba Ta Isar Bahaushe: Tarihin Katin Barka Da Sallah A Minna



Duk wanda ya taɓa zama a Ingila ko Amurka ya san irin lissafin da watan Disamba ke zuwa da shi a kan katin gaisuwa. Jaridu da mujallu sai su cika da shawarwari: wai ka sayi katin baɗi tun a Janairu lokacin da kantuna ke karya farashi, wai ka zaftare sunayen da ke cikin jerinka, wai ka sa yara su zana da hannu. Mu da muka ga can muka ga nan abin kan ba mu dariya, domin mutanen Minna sun daɗe da gama wannan lissafi, kuma wata hanya dabam suka bi. Bature da ya so tsimi sai ya rage kalmomi. Bahaushe kuwa, da Banufe da Bagwarin da suke zaune gari ɗaya, ba su yarda a taɓa musu kalmomi ba, sai suka nemi yadda aike ɗaya zai ɗauki sunan mutum ashirin. Wannan tarihi nake so mu ɗan bi yau.

Bari mu fara da inda katin ya samo asali, don shi kansa ɗan tsimi ne. Kafin 1840, a Ingila wanda aka aika wa wasiƙa shi ne yawanci ke biyan kuɗinta, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Talakawa sai suka ɓullo da dabara: mai aikawa ya yi wata 'yar alama a bayan takardar, mai karɓa ya duba ya gane cewa lafiya ake, sai ya mayar wa ɗan aike ya ce ba shi da kuɗin karɓa. Mai karatu ya riƙe wannan dabara a ransa, za mu sake cin karo da ita a Minna bayan shekara 160. A 1840 ne aka bi shawarar Rowland Hill aka mayar da kuɗin wasiƙa kwabo ɗaya, mai aikawa ya biya. Nan take wasiƙu suka yi yawa, har amsa su ya zama aiki. Wani ma'aikacin gwamnati mai suna Henry Cole, da ya ga ba zai iya zama ya rubuta wa kowa gaisuwar Kirsimeti ba, sai a 1843 ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa kati, aka buga guda 1,000. Ana sayar da kowane ɗaya sule guda, wato ninkin kuɗin aikawa sau goma sha biyu. Ka ga ke nan lokaci Cole ya tsimta, ba kuɗi ba. Sai a 1870, da aka fito da farashin ɗari, wato rabin kwabo, na kati marar ambulan da takardun da aka buga da inji, sannan talaka ya shigo layi.

To a nan ne wata doka ta shigo wadda ita ce ta ba ni kan wannan rubutu. A wancan zamani, idan kana son katinka ya tafi a farashi mai rahusa, sharaɗi biyu ne: kada ka manne bakin ambulan, don ma'aikaci ya iya dubawa, kuma abin da za ka ƙara da hannunka na gaisuwa kada ya wuce kalma biyar. Dokar ta shiga ƙa'idojin ƙungiyar gidajen waya ta duniya, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874, ta bi Turawa zuwa ƙasashen da suka mallaka. Kalma biyar! Yanzu don Allah a gwada da Hausa. Barka da Sallah, uku sun tafi. Ina gajiya, biyar sun cika. Ba a tambayi iyali ba, ba a tambayi yara ba, ba a ce yaya aka ji da azumi ba, ba a ce a gai da Inna ba, ba a yi addu'ar Allah Ya maimaita mana ba. Wanda ya aika wa kawunsa irin wannan, ai gara ma bai aika ba.

Ta yaya ma kati ya iso Minna? Da jirgin ƙasa. Garin na Gwari ne tun asali, wato Gbagyi kamar yadda suke kiran kansu, suna zaune a kan dutsen Paida da kewayensa. Lugga ya kafa hedikwatarsa a Zungeru a 1902, a 1907 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro a bakin Kwara, ya ratsa ta Minna ya isa Kano a 1911, sannan a 1912 layin da ya taso daga Ikko ya zo ya haɗe da shi a nan. Mahaɗar nan ita ta yi garin. Leburori da 'yan kwangila da fatake suka sauka, har yau akwai unguwar da ake kira Kwangila. Tare da su akwai akawuna da ma'aikatan tangaraho da na tasha daga Kudu, da Saliyo, da ƙasar da ta zama Ghana. Irin waɗannan ma'aikata ne suka haifi Nnamdi Azikiwe a Zungeru a 1904. Su da Turawan mulki da 'yan mishan, irin na SIM da ke koyon Hausa a Minna kafin a tura su ƙauyuka, su ne mutanen da ke da dangi a nesa, suke da karatun boko, suke kuma bikin Kirsimeti. A hannunsu mutanen gari suka fara ganin katin gaisuwa. Abin da ake mannawa a ambulan kuwa, na farko da aka buga wa Arewa a 1900 hoton Sarauniya Biktoriya ne, daga 1902 ya koma na ɗanta Edward. Bahaushe ya duba ya ce kan sarki, sunan ya zauna har yau da babu sarkin.

Ba wai ba mu san wasiƙa ba kafin nan. Sarakuna da malamai sun daɗe suna rubuta wa juna da Larabci da ajami, a kan takardar nan mai alamar wata uku da ake kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus. Amma takarda abu ce mai tsada, ba a ɓata ta a kan barka da Sallah kawai. Gaisuwar Sallah aikin ƙafa ce. A sauko daga idi, a ci tuwon Sallah, yara su ɗauki kwanuka su rarraba wa maƙwabta, manya su bi gida-gida, a ba yara goron Sallah. Zumunta a ƙafa take, in ji magabata. Wanda ya yi nisa kuwa, kamar fataken goro da ke Gwanja ko mazauna zangon Kumasi ko masu tafiyar Makka a ƙasa da suka yada zango a Sudan, sai ya ba da sallahu. Matafiyi ɗaya ya haddace gaisuwar gida goma, ya zo ya sauke wa kowa tasa. Ladansa abinci da addu'a.

Da karatu ya yaɗu, sallahun nan ne ya hau takarda, bai sauya kama ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a Janairun 1939, editanta Abubakar Imam, ɗan Kagara ne a cikin jihar Neja ta yau. Bayan 'yan shekaru aka kwashi samarin Arewa zuwa yaƙin Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka riƙa aiko wa gida da wasiƙa, wanda bai iya rubutu ba ya sa a rubuta masa. A lokacin yaƙin ne kuma wasiƙar jirgin sama ta yaɗu a duniya, wato shuɗiyar takardar nan marar nauyi da ake rubutu a cikinta, a naɗe ta, ta zama ambulan ɗin kanta. Ita ce ta zama abokiyar ɗalibanmu na ƙasashen waje har zuwa shekarun 1990, don ta fi kowace hanya araha, sai dai ba a yarda ka saka komai a ciki ba. Duk wanda ya taɓa riƙe irinta daga hannun Bahaushe ya san fasalinta. Layi huɗu na farko gaisuwa ce mai yawa da fatan alheri. Layi biyu ko uku na tsakiya su ne maganar. Daga nan har ƙasa, har gefe-gefe inda rubutun ke kwanciya a kaikaice, a gai da wane, a gai da wance, a gai da mutanen gidan liman, a gai da duk wanda ya tambaye ni. Kan sarki ɗaya, unguwa guda ta samu rabonta. Za a kira ɗan makaranta ya karanta a tsakar gida, kowa ya kasa kunne ya ji ko an ambace shi. Wanda ba a ambata ba, wallahi, zai riƙe abin har mai wasiƙar ya dawo.

A cikin gida Nijeriya kuma an sami wata hanyar da ta fi gidan waya sauri. Minna mahaɗa ce, motocin Bida da Kontagora da Suleja da Kaduna ba sa yankewa. Ka je tasha ka ba direba ko yaron mota ambulan da ɗan abin shan ruwa, kafin magariba saƙo ya isa. Masu sayen kati da yawa ba su taɓa sayen kan sarki ba. Ɗalibai ma haka: idan za a tafi hutu, wanda zai bi ta Bida shi ake ɗora wa katunan Bida.

Amma gagarumar dabarar, wadda nake ganin ita ce ainihin katin gaisuwar Bahaushe, ba ta gidan waya ta biyo ba. Ta rediyo ta zo. An buɗe gidan rediyon Arewa a Kaduna a 1962, wanda daga baya ya shiga ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978, kuma gajeren zangonsa yana kai wa har Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi. A cikin shirye-shiryensa akwai Zaɓi Sonka. Tsarin mai sauƙi ne. Ka sayi katin gidan rediyo a wurin wakili, ka rubuta sunanka da garinku, ka jera sunayen waɗanda kake gaisarwa, ka aika. Mai gabatarwa ya karanta, ya sa waƙa. Gidajen rediyon jihohi, har da na Neja a Minna, duk sun bi wannan sawu. Ku duba lissafin da kyau. Katin kanti mutum ɗaya yake gaisarwa, kuma sai wanda ya shiga ɗakin zai gan shi. Katin rediyo yana ɗaukar sunaye iya yadda rubutunka ya ƙanƙanta, ba ya bukatar adireshi, ba ya bukatar mai karɓa ya iya karatu, kuma, abin da ya fi komai, duniya ce shaida. Tela a Limawa ya gai da abokinsa a Kumasi, mai shayi a Maradi ya ji, gobe shi ma ya sayi kati ya gai da su duka biyun alhali bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Haka ƙungiyoyin 'yan zaɓi sonka suka kafu, da shugabanni da laƙabobi da ziyarce-ziyarce, wasu har auratayya. Idan Sallah ta gabato katunan kan yi tsibi, wani sai bayan an gama cin naman layya zai ji nasa. Bai dame shi ba. Sunan dai ya fita.

Ni a ganina wannan ya nuna abin da muke saye idan mun sayi gaisuwa. Ba takardar ba ce, ba hoton fure ko masallaci ba ne. Ambato muke saye. Shi ya sa shawarar Turawa ta rage jerin sunaye ba ta da kasuwa a wurinmu: sunayen su ne kayan, sauran duk ɗauri ne.

Katin kanti ya yi zamaninsa, ba a musu. An ƙirƙiro jihar Neja a 1976 zamanin Murtala, Minna ta zama babban birni, ma'aikatu suka buɗe, ga kuɗin mai, naira ta fi dala ƙarfi. Kantunan littattafai, musamman na coci-coci, suna kawo katunan Kirsimeti daga waje, na Sallah kuma masu hoton Ka'aba da koren kubba da jinjirin wata suna shigowa daga ƙasashen Musulmi da madaba'un Ikko da Kano da Kaduna. Bankuna da kamfanoni da ofisoshin gwamnati suna buga nasu da tambari, masinja ya zaga da su. A falon babban ma'aikaci za ka ga an ja zare daga bango zuwa bango an rataye katuna, baƙo na shigowa ya san matsayin mai gida. A Minna, inda Musulmi da Kirista ke haɗa katanga, gida ɗaya kan rataye na Sallah da na Kirsimeti a zare guda. A 1983 aka buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya, ɗalibai suka ƙaru, kasuwar kati ta samu sababbin masu ciniki, ko da yake su nasu ya fi karkata ga katin fatan cin jarrabawa da na soyayya.

Katin Sallah yana da wata araha ta kansa da na Kirsimeti ba shi da ita. Ba a rubuta masa shekara, ba a rubuta rana, tunda sai an ga wata, kuma Sallah na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Wanda bai sayu ba bana, mai kanti ya kakkaɓe masa ƙura baɗi. Sannan tsakanin ƙaramar Sallah da babba kusan kwana 70 ne, don haka katin da ya makara wa ta farko ya yi wa ta biyu sammako. Mutanen waje sun sha cin wannan riba ba tare da sun yi niyya ba.

Daga nan kiɗa ya sauya. A 1982 gwamnatin Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tarho gida biyu, NIPOST da NITEL. A 1986 kuma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, wanda a Minna aka haife shi, ta kawo shirin SAP, a watan Satumba aka fara gwanjon dala, nan take ta haura naira 4, kafin 1994 farashin gwamnati ya kai naira 22, na bayan fage kuwa ya ninka haka. Kati kayan waje ne, ko an buga shi a gida takardarsa da tawadarsa daga waje suke. Masana'antun takarda uku da ƙasar ke taƙama da su, na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin, duk sun durƙushe a shekarun 1990. Albashi bai bi farashi ba. Ma'aikacin da a da yake sayen dozin biyu ya koma sayen uku: na maigida a ofis, na suruki, da na wanda ake neman alfarma wurinsa.

Tsimin da aka yi a waɗannan shekaru abin a rubuta ne. Ɗaliban makarantun kwana suka koma sayen kwali ɗaya su yanka shi takwas, a nemi wanda ya iya zane a aji a biya shi da gari ko suga. Wasu su yanke fuskar katin bara su manna a sabon kwali, su jefar da ɓangaren da ke da rubutu. Da shagunan kwamfuta suka fara buɗewa a Bosso da Tunga, sai a tsara guda ɗaya a buga, saura a yi hoton-kwafi a kan takarda mai launi. An ce araha ba ta ado, amma ni ban taɓa jin wanda ya mayar da kati don an yi shi da hannu ba. Mutanen waje su ma suka daina manna wa kowane kati kan sarkinsa. Sai a nemi mai tafiya gida, a cika masa babbar ambulan da katuna talatin, ya zo ya ba ƙane, ƙane ya hau keke ya bi gari. Mazauna Saudiyya da Sudan kuma da yawa kaset suke cikawa da murya su ba alhazai, minti sittin na gaisuwa, a taru a tsakar gida a saurara, a sake juyawa. Ko a 2001, lokacin da gidan wayar Amurka ya fito da kan sarkin Idi na farko, wanda Mohamed Zakariya ya rubuta da hannunsa, 'yan'uwanmu na can sun yi murna sun saya, amma na santi 34 ne, na cikin gida, wasiƙar Nijeriya kuwa santi 80 take ci. Sai ka manna uku. Da yawa adana shi suka yi don tarihi, katunan suka bi akwatin matafiyi kamar kullum.

Shekarar 2001 ɗin ce dai ta yi wa kati illar da bai tashi ba. Kafin ta, layukan tarho a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A Janairu aka yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane, a Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Kira naira 50 ne minti ɗaya, ko da daƙiƙa biyar ka yi, sai da Glo ta zo a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. Saƙon tes kuwa naira 15. Abin sha'awa, tes na farko da aka taɓa aikawa a duniya, ranar 3 ga Disamba 1992 a Ingila, daga hannun wani injiniya Neil Papworth, barka da Kirsimeti ce kawai a cikinsa. Wato tun ranar haihuwarsa ya nuna gadon wa ya zo ci. Katin intanet ma ya ɗan taɓa, har an sayar da kamfanin Blue Mountain a kan dala miliyan 780 a 1999, kuma mu na waje mun yi ta aikowa da shi, da furanni masu motsi da ɗan kiɗa. Sai dai wanda aka aika wa a Minna sai ya hau kabu-kabu ya je kafe, ya sayi awa guda, ya zauna yana jiran hoton ya buɗe, in wuta ba ta ɗauke ba. Mai aikawa bai kashe ko sisi ba, mai karɓa ya kashe kuɗin abincin rana. An koma kafin 1840 ke nan.

Dabarar talakan Ingila ma ta dawo da sabon suna, filashin. Ka kira, ta yi ƙara sau ɗaya, ka kashe. Ranar Sallah ma'anarsa a fili take: na tuna da kai, in kana da kati ka kira. Ga kuma kalmar kati ita kanta ta yi ƙaura. Yaron da ya ce maka yaya a turo mana katin Sallah, ba mai hoton masallaci yake nufi ba, lambobin katin waya yake jira, na naira 200 ko 500, wanda zai iya lodawa ko ya sayar a ƙarƙashin lema. Goron Sallah da katin Sallah suka zama abu ɗaya.

Tes yana da tasa dokar kalma biyar: harafi 160, in ka wuce a caje ka biyu. Nan ne kawai na ga Bahaushe ya ɗan sunkuya. Aka fara cinye wasula, aka koma tura saƙo ɗaya ga mutum hamsin, yawanci ma da Turanci, wanda wani ya turo maka ka goge sunansa, wani lokaci ma a manta ba a goge ba. Farashi ya yi ta sauka, a 2013 hukumar sadarwa ta ƙayyade naira 4, ya zauna haka har 2025 da ya koma 6. Amma an yi asarar abu guda a nan, kuma shi ne abin da tun farko ake biya dominsa. Saƙon da aka tura wa kowa bai ambaci kowa ba. Katin rediyo na da sunaye ashirin, tes ɗin gayya ba shi da ko ɗaya.

Gwamnatoci su ne na ƙarshe wajen farga, kamar yadda aka saba. A ƙarshen 2015 shugaban Tanzaniya John Magufuli ya hana buga katin Kirsimeti da na sabuwar shekara da kuɗin gwamnati, ya ce mai so ya buga da nasa. A wurinmu kuwa kuɗin bai tsaya a aljihun jama'a ba, gida ya sauya: daga kati ya koma cikakken shafi a jarida da manyan alluna a shataletale, ɗan siyasa da babbar riga yana yi wa al'ummar jihar Neja barka da Sallah, hotonsa ya fi gaisuwar girma sau goma. Madaba'un gari ma can suka karkata, da katin ɗaurin aure da kalandar biki.

Yau wanda ke son aiko da kati na takarda daga waje sai ya shirya. A 2025 kan sarkin wasiƙar cikin gida mai saurin isa a Ingila ya kai fam 1.70, na wasiƙar ƙetare daga Amurka dala 1.70, a lokacin da dala ke kai-kawo a wajen naira 1,500. Kafin a sa kuɗin katin kansa, aiken guda ɗaya ya haura naira 2,500. Ƙasar Denmak ma, bayan shekara 400, kamfanin gidan wayarta ya daina raba wasiƙu a ƙarshen 2025. Duk wanda ya yi wannan lissafi zai ce gara ya tura kuɗin a sayi kaza, kuma haka ake yi: Bankin Duniya ya ƙiyasta abin da 'yan Nijeriya mazauna waje suka turo gida a 2023 da kusan dala biliyan 20. Ba na ganin laifin kowa. Abin da kawai nake jin ciwonsa shi ne adana. Katunan 1980 suna nan a ƙasan akwatunan iyayenmu mata, da rubutun hannun mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, da hatimin gidan waya mai ɗauke da rana da gari. Saƙonnin 2005 kuwa sun tafi da wayoyin da suka ɗauke su. Wanda ke da irin waɗannan katuna da shuɗayen wasiƙu a gida, don Allah ya raba su da gara da danshi, ya ɗauki hotonsu gaba da baya.

Sunayen kuma sun dawo ta inda ba a zata ba. WhatsApp ya fito a 2009, daga baya aka ƙara masa saƙon murya, kuma tsofaffin da tes ya bari a baya suka karɓe shi hannu biyu, don ba ya neman karatu, ba ya ƙirga harafi. Ranar Sallah da hantsi, gwaggo a Ƙetaren Gwari ko Maitumbi za ta sa jika ya danna mata, ta yi minti huɗu tana jero gaisuwa: ta ambaci ɗanta da ke Manchester, da matarsa, da yaran ɗaya bayan ɗaya har da laƙabinsu, da abokinsa da ya taɓa rako shi gida shekara goma da suka wuce, da maƙwabciyarsu Baturiya da ba ta taɓa gani ba. In ta tuna ta tsallake wani, ta sa a sake danna mata. Datar da aka yi aiken da ita, shi ɗan ne ya saya mata daga can tun daren jajibere.